Abin da Ruwan Sarki Ya Wanke

Kafin in taɓa ganin Dakta da idona, na riga na ji shi a bakin mutane. Maigadin ma'aikatarmu ya ce shi yake fara buɗe wa ƙofa, shi yake rufe wa a ƙarshe, kuma shekara goma sha ɗaya bai taɓa ganin haƙorinsa ba. Matar da ke sayar da shayi a bakin titi ta ce mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya, yakan tsallaka titi da kofinta a hannu bai sani ba. Ɗalibansa suka ce kansa yana ja, amma ranar da gwaji ya ƙi, gara ka san inda ƙofa take. Ita kuwa matar da na gada a wurin wanke gilasai, ranar da take miƙa mini safar hannu ta roba, ga abin da ta ce:

"Ki wanke komai, ki goge komai. Abu ɗaya ne ba a taɓawa a ɗakin nan. Ɗan rawan Dakta."

Da yawanku kun tambaye ni tabon da ke ƙasan idona na hagu, tun ranar da na ambace shi na wuce. Wasu har sun ce in bar ɓoye-ɓoye. To, yau zan faɗa. Wanda ya shigo yanzu ma ba zai ɓata ba, bari in taƙaita.

Ni ban shiga aji ba sai da na shekara goma sha biyar. Mama ta yi shekara shida a kwance, ni ce mace babba a gida, don haka ni na zauna. Da ta tashi, na shiga ajin manya na yamma, ina zama a kujerar baya tsakanin mata masu goyo. Na gama sakandare ina da ashirin da huɗu, na samu aikin wanke gilasai a ɗakin binciken haɗa sinadarai. A gida Bebiya suke ce mini, Yaya ne ya raɗa, don a yi hira awa biyu ban tanka ba. Gaskiyarsa ce, ba ni da baki. Amma duk abin da aka faɗa a gabana ba ya zubewa.

Aikin Dakta, idan ka cire manyan kalmomi, ba shi da wuyar ganewa. Akwai sinadarai biyu da za su shekara a kwalba ɗaya ba su haɗu ba. Sai a jefa musu ɗan ƙanƙanin abu na uku, kafin awa uku sun kama juna sun zama sabon abu, shi kuwa na ukun ya fito kamar bai san an yi ba. Mai zuga muke ce masa. Ranar da na bayyana wa Yaya, cewa ya yi, "Wato munafuki yake ƙerawa." Har Baba sai da ya yi dariya.

Mai zugar da duniya ta saba da shi a irin wannan haɗin wani ƙarfe ne mai tsada, faladiyam, wanda samunsa wuya, cire shi daga magani bayan an gama ma wuya. Dakta ya yi shekara biyar a ƙasar waje yana aiki da ƙarfen nan. Kamfanonin magani suka neme shi, ya ƙi. Ya dawo da akwati ɗaya da buri ɗaya: ya ƙera mai zuga wanda babu ƙarfe a cikinsa ko kaɗan, daga irin abubuwan da ke jikin tsiro da jikin mutum, don a iya haɗa magani ko'ina. Shekara tara yana faɗuwa. A ta goma ya dace. Mujallar masana ta buga aikin, aka sa hotonsa a allon ƙofar shiga, ba ya murmushi.

Ɗan rawa kuwa wani ɗan maganaɗisu ne da aka lulluɓe da farar roba, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ana jefa shi cikin kwalbar gwaji, a ɗora kan na'ura, sai ya yi ta juyi yana motsa ruwan. Muna da su cike da aljihun tebur. Amma na Dakta daban ne. Shi ya zo da shi daga waje, ya tsufa, ya yi toka-toka, yana da tsaga a gefe guda wadda baƙi ya zauna a cikinta. A aljihun ƙirjinsa yake kwana. Da kansa yake ɗauraye shi, ya goge da hanki.

Yadda muka fara, wannan na ba ku labarinsa a baya. Wata rana ina wanki na ce, ban juyo ba, "Dakta, kwalba ta uku ta fara ƙonewa." Ya ce ya aka yi na sani. Na ce ƙarar juyin ta canza. Ya tsaya yana kallona kamar bango ne ya yi magana. Tun daga ranar ya koma ce mini Malama. Saƙonsa na farko har yanzu yana wayata: "Malama, kin ci abinci? Ni na manta, sai na tuna ke." Ya zo gaida Baba da takalmin da asid ya huda a wuri biyu, Mama ta yi kamar ba ta gani ba, ta fito da kofunan da ba a fito da su sai babban baƙo. Baba ya ce masa, "Ka gama da baƙin da kake jira, sannan ka turo manyanka."

Baƙin nan su ne tushen komai. Ɗakunan bincike biyu a wasu ƙasashe sun bi rubutun Dakta layi-layi, abu ya ƙi. Sai aka turo wata Farfesa, tsohuwa mai furfura, da mutum biyu, su zo su gani a hannunsa ranar Alhamis.

Ranar Laraba da la'asar Dakta ya tafi tarbarsu. Kwana uku bai yi barcin kirki ba, har rigar aikinsa ya sa a baibai. Ina share teburinsa sai na ga ɗan rawan a cikin kofin gilashi. Ya manta shi.

Ga laifina, ba zan ɓoye muku ba. Na san an ce kada a taɓa. Amma na kalli gilasan da na jera suna ƙyalli, na kalli wannan abu mai kama da ruɓaɓɓen haƙori, na ce a raina, gobe manyan mutane za su leƙa kwalbarsa su ga wannan? Su koma su ce ƙazami ne? Ban so a raina shi ba, shi ke nan dalilina.

Na sa safar hannu biyu da gilashin ido, na shiga akwatin zuƙar hayaƙi na haɗa ruwan sarki. Asid biyu ne ake gaurayawa, uku da ɗaya, yana narkar da zinariya, shi ya sa aka ba shi sunan. Don girmamawa ban haɗa nasa da sauran ba, na ba shi nasa ɗan kofi shi kaɗai. Da na ciro shi na ɗauraye, ya fito fari tas, tsagar ma sai ka ƙura ido. Ruwan wankin kuma na yi masa yadda na ji ana koya wa ɗalibai: na zuba shi a hankali cikin ruwa mai yawa, na juye a kwalba, na rubuta kwanan wata, ban ɗaure murfin ba don kada iska ta taru ta fasa. Na tura ta ƙasan akwatin, gefen hagu. Na koma gida ina jin daɗi. Har na goge doguwar rigata mai ruwan toka da sabon mayafi, don gobe.

Alhamis da safe Dakta ya shigo da baƙi yana bayani, hannunsa ya ɗauki ɗan rawan daga kofi ya jefa a kwalba, idonsa na kan Farfesa. Aka auna, aka zuba, aka kunna. Awa uku. Ya ɗiga ruwan a ɗan allon gwaji ya kai ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Idan haɗin ya yiwu, sabon ɗigo yake bayyana a tsakiya. Babu. Ya ƙara awa ɗaya. Babu. Ya sake daga farko da sabbin sinadarai, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Babu.

Farfesa ta cire tabarau ta ce, cikin taushin murya, "Ɗana, me ya canza tsakanin jiya da yau? Ka yi tunani, za mu je mu sha shayi."

Suna fita ya kashe na'urar. Ruwan ya tsaya, abin ya kwanta a gindin kwalba, fari kamar alli. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya taɓa shi?"

Ɗalibai uku suna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ni ce, Dakta."

"Da me?"

"Ruwan sarki."

Ban ga lokacin da ya ɗauki kofin ba. Ƙararsa na ji a bango, tazarar tafin hannu daga kunnena. Kafin in sauke numfashi ya kai hannu kan katakon da na jera gilasan jiya, ya share shi gaba ɗaya. Kwalabe arba'in da wani abu suka tashi. Wasu suka daki bakin wurin wanki suka tarwatse suka dawo kaina. Na ji kamar an ja mini zare mai sanyi a kumatu. Ɗaliba ɗaya ta yi ƙara ta fita da gudu. Shi kuwa ya tako kan gilasan, suna murƙushewa a ƙarƙashin takalminsa, ya damƙi wuyan rigar aikina ya jijjiga ni har ƙeyata ta bugi kabad.

"Wa ya ce ki yi tunani? Wanki aka ɗauke ki, ba tunani ba. Shekara goma sha ɗaya, kin san ma ko nawa ne? Macen da ba ta iya rubuta sunanta ba sai da ta isa aure, ita za ta gyara mini aiki?"

Sai a lokacin jinin ya sauko ya ɗiga a bayan hannunsa. Ya kalle shi. Ya sake ni. Ya ciro ɗan rawansa daga kwalba, ya sa a aljihu ya fita.

Ku yarda da ni, gilashin bai kai maganar zafi ba. Ni na ba shi labarin ajin yamma da bakina, wata rana muna zaune a benci, labarin da ko ƙawayena ban ba ba.

Ɗinki biyar aka yi mini. Malamar asibitin ta ce da ya ƙara hawa kaɗan, da idon ya tafi. Na shiga gida da sabon mayafina a dunƙule, ya yi tauri da jini. Baba yana kujerarsa ta roba a bakin taga, ƙafarsa mai ciwo a kan matashi. Ya kalle ni, ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Mama ta fito daga kicin da ludayi.

Da na gama faɗa, tambayarta ta farko ita ce, "To ke me ya kai ki?"

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Shi ne. Zuciyata ta ce, yanzu zai tambayi fuskata. Ga abin da ya rubuto: "Shugaban sashe yana son takardar ban haƙuri daga gare ki kafin Litinin. Ki rubuta cewa kin lalata kayan gwaji bisa kuskure. An ɗage gwajin. Kada ki zo aiki sai an neme ki."

Yaya ya shigo daidai lokacin, baƙin gilashin walda a goshinsa, hannunsa duk ƙuna. Ya kalli kumatuna, ya fizge wayar ya karanta. Kofin baƙin nan na Mama yana kan tebur. Ya ɗauke shi ya maka a ƙasa.

"Shi ya tsaga ki, ke za ki ba da haƙuri?"

Mama ta ce, "Ka yi mana shiru. Mutum ne, ransa ya ɓaci, aikin rayuwarsa ne. 'Yar nan, ki rubuta musu layi biyu. Kin rasa aiki, kin rasa miji, sannan ki zauna mini da tabo a fuska? Shekarunki nawa?"

"Ta zauna. Ni na gaza ci da ita ne?"

"Kai ka aure ta mana."

Baba ya juya fuska wajen taga. Na shige ɗaki na kwanta a gefen da ba ciwo, rana tana shigowa ta labule. A nan ne maganganun da na tara shekara uku suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Dakta a gaban ɗalibai yana cewa, ƙarfen nan, ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta zuga kwalba guda. Dakta a benci yana ce mini, ɗan rawan nan ya yi shekara biyar tare da ni a cikin faladiyam. Ɗalibai a bayan ƙofa suna raɗa, abin nan fa ba ya yi sai a hannun Dakta, mu ne ba mu iya ba. Da baƙin da ke cikin tsaga, wanda ruwa da sabulu ba su taɓa fitarwa ba, ruwan sarki ya cinye shi a rabin awa.

Na tashi zaune. Ɗinkin ya ja ni, ban ji ba. Ashe ba lalata masa mai zuga na yi ba. Wanke ainihin mai zugar na yi, wato faladiyam ɗin da ya maƙale a tsagar.

Da safiyar Juma'a na ji ƙarar babur ɗin Yaya tun kafin a dafa shayi. Na leƙa bayan ƙofa, inda yake jingine guntun rodin da muke tokare ta da shi. Babu. Na zura takalmi na tari mota.

Na iso ma'aikata a makare. Dakta ya buɗe ƙofar motarsa ke nan, ƙafa ɗaya a ƙasa, Yaya ya cafko shi ta kwala ya fizgo shi waje. Naushin farko a baki ya same shi, tabaransa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin taya. Na biyu a ciki. Ya durƙushe, Yaya ya ɗago shi ya haɗa bayansa da motar har gilashin gefe ya tsage.

"Kai ne mai ilimi, ko? Karanta wannan."

Mai shayi tana ihu a kira mutane, maigadi ya riƙo Yaya ta baya, Yaya ya watsar da shi kamar buhu. Dakta bai rama ba, bai ko kare fuskarsa ba. Hannunsa na hagu ya ɗora a kan aljihun ƙirji, a kan hannun kuwa rodin ya sauka. Na ji ƙarar ƙashin daga bakin ƙofa. Yaya ya sake ɗagawa, wannan karon kai ya nufa. Na shiga tsakani, na tsaya da fuskata mai ɗinki a ƙarƙashin ƙarfen.

"Kauce, Bebiya."

Ban kauce ba.

"Kauce na ce."

"Sai dai ka ƙara mini na dama, su zama biyu."

Ya sauke rodin. Maigadi yana ta danna waya zai kira 'yan sanda. Dakta, daga ƙasa, jini a haƙoransa, ya ce, "Bar shi. Kada ka kira kowa." Wannan ne karo na farko da maigadi ya ga haƙoransa.

A gida Yaya ya jefar da rodin a tsakar ɗaki, sai muka ga wani ɗan farin abu manne a bakinsa. Maganaɗisu ne, ya faɗo daga aljihu ya kama ƙarfe. Yaya ya ɓamɓare shi ya juya a tafinsa.

"Wannan ne? Saboda wannan ƙwayar aka tsaga miki fuska?"

A nan na yi magana mafi tsawo da na taɓa yi a gidanmu. Mama ba ta gane ba. Yaya kuwa ya kai abin bakin taga, ya sa farce a tsagar.

"Ƙarfe yana shiga irin wannan ya yi zamansa. In na yi aikin tagulla da buroshi, ba na kai shi kan wani aikin, zai ɓata mini. Wannan ko yaron shago ya sani." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ashe duk hoton nan da aka kafa, ƙarfen mutane ne yake masa aiki. Ina ruwan wankin?"

"Yana nan."

"To tashi. Ki kai wa tsohuwar nan a hannunta. Yau sai ya san wanda bai iya rubuta suna ba."

Mama ta dafe ƙirji. "Ki tona masa asiri? Mutumin da ya zauna a kujerar nan?"

Suka sa ni a tsakiya, kowa yana ja. In na kai wa Farfesa, sunana ya wanku, na Dakta ya mutu a hannuna. In na yi shiru na rubuta takarda, za a ɗage gwaji, a ce 'yar wanke-wanke ce ta ɓata, masu bincike a wasu wurare su yi ta ɓata shekarunsu a kan abin da babu. Kuma in zauna da shi a gida ɗaya ina sane.

Na ɗauki waya na rubuta wa Dakta, ba gaisuwa: "Ruwan da na wanke shi da shi yana ƙasan akwatin zuƙar hayaƙi, gefen hagu. Shi kaɗai na wanke a ciki. Ban ɗaure murfin ba. Ka auna shi."

Ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta ɓace. Sai na tuna, mutumin da ya share kwalba arba'in da hannu ɗaya, tuntsurar da guda a magudana ba zai ba shi wuya ba. Na ba shi shaidata ɗaya tilo. Da na gaya wa Yaya, ya daki ƙofar kicin har sakata ta fita.

Asabar shiru. Lahadi da hantsi Mama ta shimfiɗa farar takarda a tebur ta ɗora biro a kai, ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu. Na rubuta "Ni," na sa waƙafi. Na zauna ina kallon harufan, ina tuna malamar ajin yamma da ta riƙe hannuna ranar da na fara zana su.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ni na buɗe. Dakta ne tsaye a matakala, hannun hagu cikin filasta an rataye a wuya, leɓensa a kumbure, tsohon tabarau an ɗaure ƙafarsa da zare. A hannun dama takarda ce. Maƙwabta sun riga sun leƙo, don labarin Juma'a ya zaga layin. Na ji ƙarar rodi yana jan ƙasa a bayana.

Baba ya ce wa Yaya daga kujerarsa, "Ajiye shi." Sannan ya ɗaga murya kaɗan. "Kai kuma ka yi maganarka daga nan. Ban ce ka shigo ba."

Dakta ya sunkuyar da kai. "Baba, na auna ruwan jiya, sau uku. Akwai ƙarfen a ciki, ya isa har ya yi yawa. Abin da na ƙera ba ya zuga komai. Na kai wa Farfesa sakamakon da safen nan, na rubuta wa mujalla su janye aikin. Na gaya wa shugaban sashe babu takardar da za ta rubuta. Na sa sunanta a wasiƙar, ita ta gano."

Mama ta ce, "To aikin naka fa, ɗan nan?"

"Ban sani ba, Mama."

Ya miƙo mini takardar. Ban karɓa ba. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sukuni tun Alhamis, kuma shekara uku ina sauraronsa, na san yadda muryarsa take idan abu ya zo masa ba zato. Ranar nan ba mamaki na ji a cikinta ba.

"Dakta, da na ce maka ruwan sarki, ba ka tambaye ni me ya fita ba. Me ya sa ka hana a wanke shi?"

Ya sauke takardar. Wata maƙwabciya mai leƙe ta taga ta gyara tsayuwa.

"Bara, wata ɗaliba ta yi gwajin sau shida da sabon ɗan rawa, ya ƙi. Na ciro nawa na jefa mata, ya yi. Na tsaya ina kallon ɗigon, na san abin da ya kamata in auna. Na'urar tana ɗaki na gaba. Wata goma sha huɗu ina wucewa ta ƙofarta." Ya kawar da kai. "Na ce wa yarinyar hannunta ne ba shi da kyau. Ta bar karatun."

Wato ya sani. Lokacin da yake turo mini saƙon ko na ci abinci, ya sani. Lokacin da ya damƙi wuyan rigata, ba don na ɓata ba ne, don na tona shi ne. Hannuna yana kan ƙofar, kuma wallahi ban san ko buɗewa zai yi ko rufewa ba.

Leɓensa ya motsa, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

Yaya ya ce, "Ɗaga murya. Ita tana ji ko raɗa ka yi, mu ne ba mu ji ba. Ranar da ka zage ta ai ba a ɓoye ka yi ba."

Dakta ya ɗago. Ya kalli Baba, ya kalli mutanen da suka cika matakala, sannan ya tsayar da ido a kan ɗinkin da ke ƙasan idona. Muryar da yake koyarwa da ita ya fitar, wadda ake ji har kujerar baya.

"Na jefe ki, na zubar miki da jini, na zage ki da abin da kika ba ni amana. Na so ki ɗauki laifin da na san nawa ne. Duk ɗakin nan ke kaɗai kika yi aikinki daidai. Malama, na cuce ki. Ki yafe mini."